Saƙon Na'iya Ranar Sadakar Uku

Da hantsi ranar Talata mai garin Fakku ya turo mutum a kan babur zuwa ofishin 'yan sanda na Kebbe. An tsinci gawa a gindin tankin sabuwar rijiyar burtsatse da ke bayan gari. Da waya ya kamata a kira, amma a wannan gefen sabis ba ya leƙawa ko da wasa.

Sufeto Ɗangiwa ne ya je. Mutum ne da ya tsani a gaya masa ƙarshen magana tun bai ji farkonta ba, ga shi kuwa tun kafin ya sauka daga mota mutanen gari suka tare shi da cewa faɗowa mutumin ya yi, ƙaddara ce.

Mamacin sunansa Na'iya, ɗan Tambuwal, ma'aikacin wata ƙungiya mai haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi. Shi ne mai gwajin ruwa. Duk rijiyar da aka haƙa, ba a buɗe ta sai ya ce ruwanta ya shawu.

Sufeto ya tsuguna. Ƙeya a fashe, hannaye duka biyu sun yi kaca-kaca da jan laka. Amma babban yatsan dama fes yake, kamar wani ya kama shi ya goge da bakin riga. A jakarsa akwai kwalaben ruwa da igiyar caji, babu waya. Famfon rijiyar kuwa an garƙame shi da kwaɗo.

Ya daɗe yana kallon yatsan nan. Gaskiya bai ji daɗin ganinsa ba.

Bayan likita ya gama dubawa aka kai Na'iya Tambuwal, aka rufe shi kafin la'asar.

Washegari Sufeto ya sa aka kawo masa Bashar, shugaban masu injin haƙa. Bashar ya rantse ranar Litinin yana wurin aiki har faɗuwar rana, kuma lafiya ƙalau ya bar Na'iya.

"Har faɗuwar rana?"

"Wallahi, yallaɓai."

"To wane ne mai shayin tashar Kebbe ya gani tun azahar yana cin ƙwai?"

Bashar ya sosa ƙeya. Ashe guduwa ya yi daga aiki, yana tsoron a kore shi. Da ya ga ba korar ce ta dami Sufeto ba sai bakinsa ya buɗe. Ya ce Na'iya da hannunsa ya sa kwaɗon nan, bayan ya gwada ruwan ya ga ba mai shawuwa ba ne. An haƙa rijiyar ne kusa da tsofaffin ramukan majema, kuma tun farko Na'iya ya ce kada a haƙa a wurin.

"Wa ya ce a haƙa?"

"Oga Mu'awiya. Filin surukinai ne."

Daga nan Sufeto ya wuce Tambuwal. An rufe ofishin ƙungiyar saboda makoki, don haka a gida ya sami Injiniya Mu'awiya, shugaban aikin. Idanunsa jawur. Ya ce tare suka yi firamare da Na'iya, ya ce rabonsa da Fakku an kwana biyu, ya ce ruwan lafiya lau yake, Bashar surutu ne da shi. Har ya ƙara da cewa Na'iya ya kira shi ranar Litinin da yamma ya shaida masa gwaji ya yi kyau, za a iya bikin buɗewa mako mai zuwa.

"Ya kira ka da waya?"

"Da waya."

"Daga gindin rijiyar?"

"Daga can."

Sufeto ya gyaɗa kai, ya yi masa gaisuwa ya fito. Shi da ya wuni a gindin rijiyar nan wayarsa ba ta ko yi tari ba. Amma ƙarya ɗaya ba ta kai mutum kotu, kuma da aka bincika layin Na'iya an tarar a kashe yake tun ranar Litinin.

Ranar sadakar uku ya sa farar riga ya tafi gidan mamacin kamar kowa. An shimfiɗa tabarmi daga zaure har bakin titi, malamai suna gaba, ma'aikatan ƙungiyar sun jeru a jikin bango. Ana cikin rabon gumba sai aka ji wata ƙara daga cikin gida, gajeriya, kamar an toshe bakin mai ita.

Jim kaɗan Namadi, yayan mamacin, ya fito ya durƙusa kusa da Sufeto. Ya raɗa masa cewa ya taimaka ya shigo, kada kowa ya ji.

Asma'u, matar Na'iya, tana cikin ɗaki tana takaba, sai ta bayan labule aka miƙo wayarta. Saƙo ne ya shigo yanzu-yanzu da sunan Na'iya. Sufeto ya karanta.

"Ma'u, na gama aiki. Ina hanya. A ɗumama mini tuwo."

Tsofaffin da ke tsakar gida sai salati suke yi ƙasa-ƙasa. Wata ta ce a kira malam ya yi tofi, wata ta ce a jefa wayar a masai. Asma'u ba ta kuka. Muryarta ce dai ta bushe. Ta ce duk ranar da maigidan ya kammala wata rijiya saƙon nan yake shigowa, kalma ɗaya ba ta canzawa, kuma in ya shigo ba a daɗewa take jin babur ɗinsa a ƙofa. Ta ce yanzu ma da ta gani, kafin hankalinta ya dawo, har ta miƙe za ta hura wuta.

"Yallaɓai, ba tsoronai nika ji ba," in ji ta. "Ya ce mini ko za a yanka shi ba ya cewa an gama rijiyar Fakku, don yara za su sha. To wa ya sa shi ya faɗi abin da ya rantse ba shi faɗi?"

Sai wata mata da ke zaune a bakin ƙofar ɗakin ta ce tana jin ta san yadda aka yi. Malama Ruwaida ce, mai kula da kwamfutocin ƙungiyar, ta shigo gaisuwa wurin mata.

Sufeto ya ja ta gefe, ya ce ta yi masa bayani da Hausar da zai gane, shi ba ɗan boko ba ne a wannan fanni.

Ta buɗe wayarta ta nuna masa. Ƙungiyar tana da manhajar tsara ayyuka, allo ne mai gida-gida, kowace rijiya da katinta. In ana haƙa, katin yana gidan "ana aiki". In an kammala sai a ja shi da yatsa zuwa gidan "an gama". Na'iya kaɗai ke da ikon ja na ƙarshen nan, daga wayarsa. Bara kuma ita da shi suka haɗa allon da wata manhaja ta daban, wadda a ofis suke kira ɗan aike. Aikinta ɗaya ne: ta zuba wa allon ido, da zarar kati ya motsa ta aikata abin da aka umarce ta. In ya shiga "an gama", sai ta tura wa masu ba da tallafi rahoto, ta tura wa mai gari saƙon a buɗe famfo. Na'iya kuma ya ƙara nasa na gida, wanda daga shi sai ita suka sani.

"Shi ne wannan na tuwo?"

"Shi ne. A ƙauye babu sabis, sai wayar ta riƙe abin da ya yi. Yana hawowa titi ta samu sabis, sai katin ya motsa, saƙon ya tafi shi kuma yana kan babur. Shi ya sa kullum yake zuwa daidai."

Ta nuna masa katin Fakku. Yana zaune a gidan "an gama".

Sufeto ya tuna da yatsan nan mai tsabta. An kama hannun gawa, an goge lakar, an buɗe waya da shi, an ja kati. Nan take ya kira ofishin Kebbe ya ce a tura ɗan sanda Fakku a guje, duk saƙon da ya isa wa mai gari kada a taɓa kwaɗon nan.

Sannan ya dawo kan Ruwaida. Layin mamacin a kashe yake. In babu layi, ta ina wayar ta sami hanyar magana yau?

Ruwaida ta waiwaya tana dube-dube. Can idonta ya sauka a kan tagar ɗakin Na'iya, wadda ke kallon zaure. Wata 'yar farar na'urar wayfai ce mai ba da intanet a ajiye, fitilarta kore tana ƙyaftawa. Namadi ya ce shi ya kunna ta ɗazu da safe, don 'yan'uwa na nesa su samu yin gaisuwa ta bidiyo. Tun rasuwar a kashe take.

Fuskar Ruwaida ta canza. Ta ce wayar Na'iya ta san na'urar nan, ko a kulle take, ko babu layi a cikinta, in ta matso kusa za ta kama da kanta.

"Kusa kamar ina?"

"Ba ta wuce ƙofar gida, yallaɓai."

Duka ukun suka juya suka kalli zauren. Ta can ana jin muryar liman ya fara addu'a, maza suna amsawa da amin.

Sufeto ya tambaye ta ko akwai yadda za a sa wayar ta yi motsi. Ta ce ita ba ta da ikon rufe kati, wato kai shi gidan "an gama", amma tana da ikon mayar da shi baya. In kuma aka mayar, ɗan aike yakan tura wa Na'iya sanarwa. Ta ce sai dai a yi wa Asma'u kashedi tukuna, saboda ƙarar da ya sa wa sanarwar ba ta kowa ba ce.

Daga bayan labule Asma'u ta ce ta san ta. Ta ce a yi.

Sufeto ya fita ya tsaya a bakin zaure, inda yake ganin kowa. Ya bari aka shafa fatiha. A ɗan shirun nan da ke biyo bayan addu'a, kafin mutane su fara neman takalmansu, ya ɗaga wa Namadi hannu, Namadi ya leƙa ciki ya yi wa Ruwaida alama.

Sai ga muryar Na'iya, tar, da 'yar dariyar nan tasa, ta fito daga cikin jama'a.

"Malam Na'iya, koma. Aiki bai ƙare ba."

Wani tsoho ya saki carbinsa. Waɗanda ke jikin bango suka watse kamar an zuba musu ruwan zafi, aka bar mutum ɗaya zaune, ya danne aljihun babbar rigarsa da hannu biyu. Ruwaida ta sake jan katin baya, muryar ta sake fitowa ta tsakanin yatsunsa.

"Injiniya," in ji Sufeto a hankali, "ba ni wayar abokinka."

Mu'awiya bai yi gardama ba. Ya ciro ta ya ajiye a kan tabarma, ya ja hannunsa da sauri. Da ya fara magana kuwa ba Sufeto yake kallo ba, wayar yake kallo.

Ya ce ya je Fakku ranar Litinin da yamma ta bayan gari, don ya roƙi Na'iya. An riga an gayyaci baƙi, surukinsa ya gaya wa duniya rijiya tana filinsa, in aka ce ruwan ba ya shawuwa aikinsa ya tafi, mutuncinsa ya bi baya. Ya ce a rufe katin, daga baya a san yadda za a yi. Na'iya yana saman tanki, ya bi shi can. Na'iya ya ce masa ya je ya fara ba 'ya'yansa ruwan su sha, in sun kwana lafiya shi zai rufe. Daga nan ne ya ture shi.

Sauran kuwa tsoro ne ya yi masa jagora. Ya ja katin da yatsan mamaci, sannan ya tuna an ce 'yan sanda suna bin layi, ya zare shi ya jefar a daji. Sai da ya iso gida ya ga katin bai motsa a allo ba, wayar kuma ta kulle kanta. Ya yi ta ba ta caji yana jiran a buɗe ofis ta kama wayfai ɗin can. Barinta a gida ya gagare shi, yar da ita ma ya gagare shi.

"Kwana ukun ga ban runtsa ba," ya ce. "Ina jin ta a jikina kamar tana numfashi."

Namadi ya yi kansa, mutane suka riƙe shi. Sufeto ya sa wa Mu'awiya ankwa, aka bi da shi ta tsakanin tabarmi zuwa mota. Takalmansa ma a nan ya bar su.

Kafin ya tafi, Sufeto ya koma ciki ya yi wa Asma'u sallama. Ya tarar Ruwaida tana ce mata yanzu za ta cire saƙon nan daga ɗan aike, ba zai ƙara tayar mata da hankali ba.

Labulen ya ɗan motsa.

"Za a sake haƙa masu wata rijiyar?"

Ruwaida ta ce dole ne, kuma duk wanda ya gaji aikin gwajin shi zai rufe katin.

"To ki bar shi yadda ya sa shi," in ji Asma'u. "Ran da ruwan Fakku ya shawu, ina son ya gaya mini ya gama."

Ruwaida ta mayar da wayarta cikin jaka. Sufeto Ɗangiwa ya sa hularsa ya fita, a waje direba yana jiransa da mai laifi.