Rantsuwar Layin Teloli

Taƙaitaccen bayanin al'amarin shi ne: an gurfanar da wata ɗaliba ta sashen nazarin tattalin arziki gaban kwamitin ladabtarwa bisa zargin satar binciken kammala karatu, an dakatar da ita, daga bisani kuma aka gano cewa aikin da ake cewa ta sata nata ne. A fayil ɗin hukuma maganar ba ta wuce haka ba. Ga wadda abin ya faɗa wa kuwa, ta fi haka tsawo.

Marainiya ce, a gidan baffanta ta tashi, a ɗakin ajiyar kaya, tsakanin mataccen firji da karyayyun kujeru. Baffa yakan shaida wa baƙi cewa bai taɓa bambanta ta da ɗan cikinsa ba, kuma ta wata fuskar gaskiya ya faɗa, domin kwamfuta ɗaya suke amfani da ita: ita ke rubutun, shi ke da kwamfutar. Wannan yayan nata ya riga ta shiga jami'a da shekaru, amma ya tsaya jiranta a ajin ƙarshe, wataƙila saboda zumunci.

Bincikenta a kan yadda ɗaukewar wutar lantarki ke cinye ribar teloli ne. Wata da watanni tana zaune a kan benci a layinsu, cikin ƙarar kekuna da zafin dutsen guga, har suka laƙaba mata 'Yar Tambaya. Ran nan shugaban layin, wani dattijo mai igiyar awo a wuya, ya kira ta gefe.

"'Yar nan, kina son gaskiya? Yawancinmu mita ɗaya muke ja, kamfanin wuta bai sani ba. In muka buɗe miki ciki, sunanmu zai fito?"

"Wallahi Baba, sunan kowa ba zai fita daga bakina ba!"

Suka buɗe mata ciki, aiki ya yi kyau. Ranar da ta kai shi, malamin da ke duba aikinta ya dube ta ta saman tabarau, ya ce an riga an kawo irinsa, kalma da kalma, ɗauke da sunan yayanta. Wayyo! Ta juya ta nufi gida.

"Yaya, me na yi maka?"

"Ke kin cika kuka," in ji shi, bai ko ɗago daga wayarsa ba. "Kanki na ja, ki sake wani mana."

Ta durƙusa gaban Baffa tana hawaye, shi kuwa ya yi mata bayani cikin natsuwa irin ta manya. "Ki amsa cewa ke kika kwafa. In aka kore shi, ina zan sa fuskata? Ke kuwa, wa zai tambaya?"

Wa zai tambaya... Wannan ta fi satar ciwo.

Kwamiti ya zauna, ya fito da hanya mai sauƙi: wanda ya yi bincike ya san mutanen da ya yi hira da su, don haka kowa ya faɗi sunayensu. Marainiya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan teburin. "Ranka ya daɗe, na rantse musu. Ku yi mini kowace tambaya ban da wannan!" Yayan kuwa da safen nan ya ratsa layin teloli yana karanta allunan shaguna, sai ya zubo sunaye tiryan-tiryan. Aka yaba da ƙwazonsa, ita kuma aka dakatar da ita. Kafin la'asar Baffa ya fito mata da jakarta ƙofar gida, ya ce ba ya zama da ɓarauniya.

Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san cewa maganar da aka rufe ƙofa aka yi ita ke riga kowa fita. Ba a jima ba ma'aikatan kamfanin wuta suka dira layin da tsani da almakashi, suka yanke wayoyi. Marainiya, wadda wata ƙawarta ta ba wa gefen katifa, ta bi ta layin ba ta san abin da ya faru ba.

"Ga ta nan! Ga maciya amana!"

"Mun ba ki benci, kin ba mu duhu! Allah ya isa!"

Ta buɗe baki, ba wanda ya saurara. Ta juya tana tafiya tana kuka, tana cewa, "Ya Allah, Kai ne shaidata... ba ni da kowa sai Kai!"

Fushi bai bar dattijon ya zauna ba. Ya saka babbar riga ya nufi jami'a, ya shigar da ƙarar mai binciken da ya tona musu asiri. Kwamiti, wanda ba ya wasa da ƙa'ida, ya aika a kira mai binciken. Yayan ya shigo yana ƙamshin turare.

Dattijo ya dube shi sama da ƙasa. "Wannan kuma ɗan wane ne? Ba shi muke nema ba. Yarinyar da ta yi watanni a bencinmu nake nufi, wadda ta rantse mana ta karya!"

Shugaban kwamiti ya gyara zama. "Ai ita ƙin faɗin sunan kowa ta yi. Shi ya sa muka dakatar da ita."

Yayan ya fara laluben ƙofa da ido, dattijo kuwa ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannun riga. "Innalillahi! Mun tsine wa wadda ta rufa mana asiri!"

Aka nemo ta. Dattijo ya so ya durƙusa mata, ta riƙe shi tana kuka. "Haba Baba, tashi! Na yafe." Aka kori yayan, aka mayar mata da aikinta, ta kammala da sakamako mafi kyau a ajinta. Rigar bikin yaye ta teloli ne suka ɗinka, da keken ƙafa, domin har lokacin ba a mayar musu da wuta ba. Baffa ya aiko cewa ɗakinta na nan, ta aika masa da gaisuwa.

Jimillar abin da al'amarin ya ci: ita, shekarar karatu guda da gidan da ta tashi a ciki. Teloli, wutarsu. Yayan, digirin da ya daɗe yana jira. Baffa, 'yar ɗan'uwansa. Kwamiti bai yi asarar komai ba.