Rawar da Ake Yi a Saman Ɗakin Ukasha

Faɗa ne ya kawo Ukasha ƙofar ajin Mahasin a ranar farko.

Tana tsakiyar ƙirga wa mata goma sha biyu taku a wani ɗaki da ke hawa na biyar a unguwar Hay el-Sabi', kiɗan salsa na tashi, gumi na zuba, sai ta ji ana buga ƙofa. Ta kashe kiɗan, ta yafa gyale, ta buɗe kaɗan. Wani dogon saurayi ta gani riƙe da littafin fiƙihu, ya haɗe rai kamar hadari.

Da Larabci ya yi ƙorafinsa. Shi ne a ɗakin da ke ƙasansu, ga jarrabawa ta matso, ga fankarsa na rawa duk Asabar da Talata. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce da Hausa, "Mutane sai ka ce dawakai."

"Dawakan suna jin Hausa, ya zol," in ji Mahasin, ta kira shi yadda 'yan Sudan ke kiran mutum.

Kunya ta rufe shi. Ina zai san cewa kakanninta daga Haɗeja suka tashi zuwa aikin hajji a ƙasa, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida, har yaƙi ya fitar da ita daga can ya kawo ta unguwar Ainu Shams ita da mahaifiyarta Fatna?

"Ma'alish, ki yi haƙuri," ya ce. "Amma tambaya ɗaya. Wata biyu ina jin ku: ɗaya, biyu, uku, sai biyar, shida, bakwai. Me huɗu ta yi muku?"

Dariya ta ƙwace mata. "A huɗu ake numfashi, Malam."

Daga cikin ɗakin wata murya ta ce, "Yaya Ukasha, don Allah kar ka kunyata ni!" Ƙanwarsa ce Humaira, wadda ta ce masa laburare take zuwa.

Kafin mako ya zagayo an shimfiɗa tabarmin roba masu kauri a ajin, Ukasha kuma ya karɓi lambar malamar a wurin Humaira, wai don ya yi godiya. Godiyar nan ba ta ƙare ba har wata shida, kullum sai ya turo mata saƙo ta ba shi amsa.

"Yau ban ji ku ba. Lafiya dai, 'Yar Sama?"

"Kai ka ce mun dame ka, Malam Huɗu."

"Na janye ƙarar. Shirun ya fi damuna."

Mahasin ta karanta saƙon nan a cikin jirgin ƙasa na metro ya fi sau goma, har ta wuce tasharta. Ta san ta kamu, kuma ba ta yi wa kanta ƙarya ba.

Ajin nan shi ne rayuwarta. Mata ne zalla, ƙofa a kulle. Akwai ɗaliban jami'a da zaman karatu ya ƙage wa baya, akwai iyaye mata 'yan Sudan masu ciwon suga waɗanda ba su yi dariya ba tun da suka baro gida sai a ɗakin nan. Da yake babu namiji, Mahasin ce kullum take yin takun namiji, ita ke ja, ita ke juya kowa. Ɗalibanta kuwa takun mace kaɗai suka iya. Shekara huɗu tana haka, ba ta taɓa sanin daɗin a ja ta ba.

Ukasha ya je Ainu Shams ya gaida Fatna, ya sha gahawa mai citta har ya ƙware, kawunta Sulaimanu ya ce su turo manya. Komai na tafiya sumul, sai mahaifiyarsa Hajiya Dije ta sauka daga Gusau don ganin likitan gwiwa. Da ta ji sana'ar yarinyar, ta ajiye kofin shayinta.

"Mai rawa? Na turo ka karatun addini ka kawo mini mai rawa? In tana son ka, ta rufe wurin nan. In ba haka ba, khalas, kamar yadda kuke faɗa, magana ta ƙare."

Ukasha bai ɓoye wa Mahasin ba, ya gaya mata a waya.

"Kai me ka ce?" ta tambaye shi.

"Na ce ta ba ni lokaci."

Lokaci. Ba ita ce amsar da zuciyarta ta so ji ba. Ta tuna fuskokin matan nan, ta tuna fuskarsa. Duk wanda ta zaɓa, rabinta ne zai tafi.

Ana cikin haka Shahd, wata ɗalibarta da barandarsu ke kallon tagar Ukasha, ta ja ta gefe bayan aji.

"Wallahi ba gulma ba ce, Ustaza. Kwana uku ke nan da la'asar ina ganin inuwarsa ta bayan labule. Rawa yake yi da wata, hannunsa a cikin nata."

Mahasin ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ita ko yatsanta bai taɓa taɓawa ba. A kan matakala ta zauna ta rubuta masa:

"Ashe ba rawar ce laifi ba, ni ce. Allah ya ba ku zaman lafiya kai da ita."

Ta kashe wayar. Kwana biyu ta yi tana kuka tana cewa mura ce.

Ranar Talata Humaira ta shigo aji tana ɗingishi, ta miƙa mata ƙafa. Babban yatsanta ya kumbura.

"Ga kishiyar taki nan, Anti Mahasin. Ni ce. Kwana goma yana tattake ni. Ya ce sai ya koya, don ki san shi ba zai taɓa ce miki ki bari ba. Ya sa na yi rantsuwa, amma yatsana ya fi rantsuwar ciwo."

Mahasin ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun. Da ta kunna wayarta, saƙonsa na jiranta:

"'Yar Sama, ni ban iya magana ba, shi ya sa na ce bari ƙafata ta yi. Ita ma ta kasa. Ki yafe mana."

Ba ta gama share hawaye ba aka buga ƙofa. Hajiya Dije ce da sandarta, tana haki saboda matakala.

"Na zo in gani da idona. Ba a yanke wa kare hukunci a bayan idonsa, balle 'yar mutane."

Mahasin ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo mata kujera. Ta yi tunanin rage kiɗan, ta canza taku, sai ta fasa. In za a ƙi ta, a ƙi ta a yadda take.

Hajiya ta zauna fuska a murtuke. Ta dubi ƙofa a kulle, ta dubi labule a sake, ta dubi wata dattijuwa mai suna Khairat, sa'arta, tana juyi tana ƙyalƙyala dariya. Can Mahasin ta lura da abin da Hajiya ba ta lura da shi ba: ƙafarta mai lafiyar tana buga ƙasa, kuma tana tsallake huɗu daidai.

Bayan an tashi, Mahasin ta durƙusa gabanta, ta nuna mata yadda za ta riƙa miƙe gwiwar tana zaune, a hankali, sau goma safe da yamma.

"Abin da likita ya ce ke nan," in ji Hajiya. Sannan ta tambaye ta, "In na ce ki rufe, za ki rufe?"

"Ina son ɗanki, Hajiya, Allah ya sani. Amma matan nan ba su da wani wuri. Ba zan yi miki alkawarin da zan karya ba."

Hajiya ta dogara sandarta ta miƙe. "Wadda ba ta yar da mutanenta ba, ba za ta yar da nawa ba. Ƙofar nan dai ta zauna a kulle." Ta kai bakin ƙofa ta waiwayo. "Ranar Asabar ki ajiye mini kujerar nan. Don gwiwa, ba don komai ba."

Bayan wata uku aka ɗaura aure a wani masallaci a Ainu Shams, aka ci tuwon shinkafa da kisra, gurasar Sudan, a faranti ɗaya.

Washegari da hantsi, a ɗan falonsu, Ukasha ya ture tebur gefe ya miƙo mata hannu. Karon farko ke nan da za su yi rawa tare. Ta kama hannun ta ce:

"Malam Huɗu, akwai matsala. Ni takun namiji kaɗai jikina ya sani. Za mu yi karo."

"Yalla, mu gwada."

Ta ƙirga. A ɗaya, ƙafarta ta hagu ta yi gaba da kanta, kamar kullum. Ta runtse ido tana jiran su gwabza. Ba su gwabza ba. Ƙafarsa ta dama ta ja baya cak, ta ba ta wuri.

Ta buɗe ido. "Wa ya koya maka ja da baya?"

"Humaira mana. Ba haka ake yi ba?"

Mahasin ta yi dariya har ta kifa kanta a ƙirjinsa. Humaira takun mace kaɗai ta iya, shi ta koya wa yayanta, shi kuwa ya haddace shi kamar karatun jarrabawa.

"Kuskure na yi?" ya tambaya.

"Kar ka gyara shi, habibi. Har abada."

Wayarsa ta yi ƙara. Hajiya ce ta turo saƙon murya: "Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Ka gaya wa matarka miƙe gwiwar ya kai sau goma sha biyar."

Suka ce amin tare. Sannan ta riƙe hannunsa sosai, ta fara ƙirga daga ɗaya, a huɗu suka numfasa tare.