Saiti Na Biyu

Na'urar kariya ta tasharmu ta wutar lantarki saiti biyu gare ta. A na ɗaya, in wuta ta katse, da kanta take mayarwa. A na biyu ba ta mayarwa, shi ake sawa in mutum zai hau layi ya yi gyara. Ranar da Yayana zai hau, Injiniya ya ce masa ta oba-oba, rediyon hannu da muke magana da ita, "An sauya, hau abinka." Ƙarya yake, bai sauya ba, yana can yana hira a waya. Wuta ta dawo, Yaya ya ƙone a kan turke har lahira. Injiniya ya ce ƙaddara ce, maimakon a hukunta shi har girma aka ƙara masa.

Jiya da duhu ya shiga, sai layi ya katse, babu mai hawa sai Injiniya. Ya bar ni a ɗakin na'urori, ya ce in sa na biyu. Na sa.

Sai na ji ƙaurin roba. Ban ji an buɗe ƙofa ba, amma ga mutum cikin kayan aiki gaban na'urar, ya ba ni baya. Fanka na kaɗawa, rigarsa ko motsi. Ya danna maɓalli, biyu ta koma ɗaya.

Oba-oba ta yi ƙara. "Kai, an sauya?" in ji Injiniya.

Mutumin ya riga ni ɗauka. A hannun rigarsa na ga facin da Innarmu ta yi wa Yaya da jan zare.

"An sauya, ranka ya daɗe," ya ce. "Hau abinka."

Maɓallin yana dab da ni. Na zuba hannuwana a aljihu.