Injin Kofin Shayi

A wani zamani an yi wani maƙeri mai son yabo. Ya shekara a zaurensa yana haɗa ɗan mitsitsin inji da gwangwani, wanda ɗumin kofin shayi kaɗai ke juya shi.

Ranar da ya tara maƙwabta, inji ya yi ta juyawa a hankali. Wani ya taɓe baki, ya ce, "Iyakar gudunsa ke nan?"

Maƙeri ya ji kamar an mare shi. Ya ɗora injin kan garwashi yana ihu, "A ƙara wuta! A ƙara wuta!" Dalma ta narke, aikin shekara ya zube cikin toka.

Wata tsohuwa ta ce, "Sannu, gwani. Tunda wuta ta kama, matsa mu gasa masara."