Alif a Cikin Sabulun Mama

A Unguwar Gabas da ke Sabon Gari akwai wata yarinya mai rawar kai. Komai ta gani sai ta gwada.

Mamarta tana haɗa sabulun ruwa a babbar roba. Rannan da ta gama juyawa, maƙwabciyarsu Maman Nonye ta leƙo.

"Kai, wannan sabulu ya yi kyau!" in ji ta, ta wuce.

Mama ta shiga ɗaki. Yarinya ta dubi sabulun, ta ga bai yi garau kamar na kanti ba. Ta tuna idan ruwan rijiya ya yi laka, alif ake jefawa ya washe. Sai ta daka alif, ta zuba, ta juya.

Nan take sabulu ya tsinke. Ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta lalace. Yarinya ta ɓuya bayan randa.

Mama ta fito, ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Kambun baka ne! Ta yaba, ko tubarkalla ba ta ce ba. Yau za ta san ni!"

Ta gyara ɗaurin zane, ta nufi gidan maƙwabciya.

Tsoro ya kama yarinya. In ta yi magana, bulala. In ta yi shiru, an ɓata da Maman Nonye, matar da ta goya ta tana jaririya. Ta bi Mama a guje. Har Mama ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Mama, ni ce!" Ta fashe da kuka. "Alif na zuba."

Ƙofa ta buɗe. "Lafiya?" in ji Maman Nonye.

Mama ta yi tsuru-tsuru. "Lafiya lau. Gaishe ki na zo yi."

Da yamma Anti Clara, ƙanwar Mama mai karatun kimiyya a Samaru, ta zo. Ta ji labari, ta yi dariya, ta kira yarinya.

"Zo ki ji. Ƙananan ƙwayoyin laka suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, shi ya sa suke ture juna, ba sa kwantawa. Alif yana kashe cajin, sai su dunƙule su nutse. Ƙwayoyin sabulu ma suna da caji. Kin kashe shi, su ma sun dunƙule."

"Ashe ba bakin kowa ba ne," in ji Mama cikin kunya.

Ba a yi bulala ba, amma yarinya ta wanke robobi har hannunta ya gaji.

Mama ta jawo ta jikinta. "Ki riƙa tambaya kafin ki taɓa abin da ba ki sani ba. In kin yi kuskure, ki faɗi gaskiya da wuri. Sabulu za mu sake haɗawa. Amma da na buɗe baki a ƙofar nan, da me zan wanke maganar?"