Bindigar Malam Salmanu

Ranar Lahadi da hantsi, ana gab da girbin dawa na shekarar 1975, mai garin Tsaskiya ya aiko mutum a keke zuwa caji ofis na Batsari. An tsinci gawa a bakin dajin Rugu.

Sufeto Labaran ya isa wurin a Landirova, shi da Saje Ɗanjuma. Mamacin makiyayi ne mai suna Manu. Yana kwance rub-da-ciki a gindin marke, harbi ɗaya a gadon bayansa, gawar har ta kumbura.

Sufeto ya zagaya wurin a hankali. Bayan wani suri, kusa da gawar, ya tsinci kwanson harsashi.

"Wannan ba aikin bindigar toka ba ne," ya ce wa Saje. "Babbar bindiga ce."

Daga nan suka wuce rugar su Manu. Mahaifiyarsa Inno tana zaune bakin bukka, idonta ya bushe.

"Sannu da haƙuri, Inno. Allah ya jiƙansa. Yaushe rabonki da shi?"

"Juma'a da safe ya kora shanu. Da magariba shanun suka dawo su kaɗai."

"Juma'a, kin tabbata?"

"Ɗana ne. Na san ranar da na daina ganinsa."

"Yana da abokin gaba?"

"Mai shanu ai ba ya rasa mai jin haushinsa. Daga Karare muka taso saboda rigimar gona, ga inda muka ƙare."

A hanyar komawa Saje ya ce mutum ɗaya ya sani da irin wannan bindiga: Malam Salmanu, malamin gona. Da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji wasu suka sayi babur, wasu rediyo, shi kuwa ya sayo bindiga ya yi mata lasin.

Sun same shi a gidansa na Batsari. Ya fito musu da bindigar.

"Ka taɓa harba ta?" Sufeto ya tambaya.

"Ko sau ɗaya, Yallaɓai."

Sufeto ya sunsuna bakin bindigar, ya buɗe kwalin harsashi ya ga ya yi rabi. Sannan ya ɗora hannu a kafaɗar Salmanu ta dama ya danna. Salmanu ya zabura.

"Bindigar da ba a harba ba ce ta daki kafaɗarka?"

Salmanu ya zauna daɓas a kan tabarma.

"Ni na kashe shi, Yallaɓai. Wallahi barewa na nufa."

"Fara daga farko. Wa ya koya maka harbi?"

"Kofur Lado, wani tsohon soja a Karare. Shi ya fara zuwa ofis ya ce ya ji ina sha'awar farauta. Tare muka je kanti a Kano. Mai kantin ya nuna mini wata ƙarama, ya ce ita ta dace da ɗan koyo: ba nauyi, ba ta dukan kafaɗa, mutum ya yi ta harbin gwangwani har hannunsa ya faɗa. Ni ita na so. Lado ya ce abin wasan yara ce, sai dai ta raunata barewa ta tafi ta mutu a sarƙaƙiya. Ya ɗauko wannan, irin wadda sojoji ke kira makfo. Na ji kunyar in ce ta fi ƙarfina."

"Sai me?"

"Jiya Asabar da hantsi muka je bakin daji. Na yi ta harbin gwangwani a gindin kuka, ban sami ko ɗaya ba. Can Lado ya nuna mini wata duhuwa, ya ce ga barewa, in yi maza. Na harba. Ya je ya duba, ya dawo ya ce na harbi mutum. Ya hana ni matsawa, ya ce in koma gida in kama bakina."

"Ka ga gawar da idonka?"

"A'a."

Sufeto ya zaro kwanson da ya tsinta, ya jera shi da harsashi ɗaya na cikin kwalin. Girmansu ɗaya, amma tambarin da ke gindinsu ya bambanta.

"Ranar Juma'a ina bindigar take?"

"Wurin Lado. Tun Alhamis ya karɓa, wai zai sa mata mai ya gyara saiti."

"Tashi ka shiga mota."

Da la'asar suka isa Karare. Sufeto ya bar Salmanu a bayan Landirova, ya tura Saje gidan Lado, shi kuwa ya taka zuwa gona. Lado yana tsaye cikin dawarsa, dogo, siriri, yana ɗingisa ƙafar hagu.

"Kofur Lado, barka da aiki."

"Barka kadai, Yallaɓai. Na san abin da ya kawo ka. Tsautsayi ne. Malam mutumin kirki ne, hannunsa ne bai faɗa ba."

"Kai ka duba gawar jiya?"

"Ni ne."

"Yaya ka same ta?"

"Yana shure-shure, jini na tsartuwa. A gabana ya cika."

"Ranar Asabar?"

"Asabar da hantsi."

"To shanunsa tun magaribar Juma'a suka koma ruga ba shi. Mutum yakan mutu sau biyu ne, Kofur?"

Lado ya karya ganyen dawa yana murzawa.

Saje ya iso riƙe da wata tsohuwar safar soja mai nauyi. A cikin rumbu ya same ta. Sufeto ya zazzage ta a ƙasa, harsasai suka zubo. Ya ɗauki ɗaya ya kara da kwanson. Tambari ɗaya ne.

"Guzurin yaƙi ne," Sufeto ya ce. "Shi ya sa ka ƙi ƙaramar bindiga. Wadda za ta ci harsashinka kake nema."

Lado ya jefar da ganyen.

"Ni na harbe shi, ranar Juma'a da la'asar. Ban yi da-na-sani ba."

"Me ya yi maka?"

"Na dawo daga yaƙi da ƙarfe a ƙafa. Aka yi farin nan, ba mu girbe komai ba. Shekarar da ta biyo ruwa ya sauka, dawa ta yi kai, sai Manu ya sako mini shanu suka share ta tas. A bazarar nan 'yata ƙarama ta rasu, ba abin da za a dama mata. Na kai ƙara, Manu ya rantse gaban alƙali ba shanunsa ba ne."

"Salmanu fa? Me ya sa ka so a rataye shi?"

Lado ya yi wani murmushi mara daɗi.

"Shi ne wanda alƙali ya aiko ya duba ɓarnar. Ko sauka daga babur bai yi ba. Daga bakin hanya ya leƙa, ya koma ya ce tsuntsaye ne. Da na je ofishinsa da zancen farauta, na zaci zai gane ni. Kujera ya ba ni, ya tambaye ni sunana."

Saje ya sa masa ankwa. Mutanen Karare suka fito ƙofar gidajensu suna kallo.

A bakin mota Sufeto ya gaya wa Salmanu cewa ba shi ya yi kisan ba, ya kuma gaya masa dalilin Lado. Salmanu ya daɗe yana kallon mutumin da ke cikin ankwa. Ya duba gonakin da ke dama, ya duba na hagu.

"Kofur," ya ce a hankali, "wace gonar ce ma?"

Lado ya ɗaga ƙafarsa mai ciwo da ƙyar ya hau motar, ya juya masa baya.