Usur ɗin Auta

Bayan la'asar 'yata ta miƙo mini rigar sanyin mijinta, ta ce in kai masa masaukin farko da ke kan dutse. Ya manta ta rataye a bayan ƙofa, ga shi zai kwana a sama da baƙi. Ita kuwa cikinta ya tsufa, ko tsakar gida da ƙyar take ƙetarewa.

Na ce, "To sanyin ya kashe shi mana."

Ta ce, "Haba Inna! Uban jikanki ne fa."

Na karɓi rigar, na ɗauki sandata, na fita.

Garinmu a gindin duwatsu yake. Baƙi na zuwa daga nesa da manyan jakunkuna da takalma masu nauyi, su hau har ƙololuwa, su ɗauki hoto, su sauko. Ban taɓa gane amfanin abin ba. Mutum ya ƙoshi, ya rasa aikin yi, ya je neman abin da bai ajiye ba. Amma da su mazan garin ke ci. Wasu na yi musu jagora, wasu na ɗaukar musu kaya.

Surukina jagora ne, kuma ana yabonsa cewa bai taɓa juyowa da baƙo bai kai shi ƙololuwa ba. Autana kuma ɗan dako ne. Ya kai shekarun aure, ƙaton gaske, yana ɗaukar tanti da tukwane kamar ba komai. Shi ne kullum a ƙarshen layi.

Masu hawan dutse suna da ƙa'ida, kuma kowa ya san ta. In hazo ya rufe hanya, jagora ya busa usur daga gaba, na ƙarshe ya amsa daga baya. In an amsa, a ci gaba. In ba a amsa ba, ko aka ji doguwar busa, kowa ya tsaya cak sai an ga abin da ya faru. Usur ɗin Auta ya tsage a gefe, saboda haka muryarsa a dushe take, tana karkarwa a ƙarshe. Ko cikin usur ɗari zan gane shi.

Bara, a irin wannan lokaci, suka hau tare. Surukina ya sauko da baƙinsa suna ta murna. Auta bai sauko ba. Da aka je nema, a kan wani ɗan tudu cikin kwazazzabo aka same shi, kusa da hanya ƙwarai, ƙafarsa a karye, sanyi ya gama da shi. Leɓɓansa duk sun fashe. Usur ɗin kuwa ba a gan shi ba.

Na tambayi surukina a gaban mutane. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Mama, ban ji komai ba."

Kowa ya ce in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na san kwana na ƙarewa. Amma yaron da ya busa har bakinsa ya fashe, ba za a ce mini ba a ji shi ba. Bayan an gama zaman makoki na hau ni kaɗai har bakin kwazazzabon, na tsaya na ɗaga murya. Na ce tunda mutane sun ƙi bi mini haƙƙin ɗana, duk wanda ke jina a wurin nan ya bi mini. Ba wanda ya amsa. Na sauko.

To, ita ce hanyar da na sake kamawa ran nan da rigar a kafaɗa.

Da farko lafiya lau. Na wuce gonaki, na wuce gadar katako, na shiga inda itatuwa ke gajarcewa. Gwiwoyina na ƙara, amma sun san dutse tun kafin a haifi waɗannan jagororin. Ina ganin hayaƙin masaukin daga nesa, na ce zan isa kafin magariba.

Sai hazo ya sauko.

Bai zo a hankali ba. Kamar an kifa ƙwarya. Na duba ƙafata, da ƙyar nake ganinta. Tsuntsaye suka yi tsit. Ƙarar rafin da ke gefena ma ta ɗauke. Ba abin da nake ji sai numfashina da bugun sandata a kan dutse.

Daga sama na ji usur, gajere, mai tsabta. Na surukina ne.

Na tsaya. Me zai fito da shi daga masauki yanzu, bayan ya sauke baƙinsa?

Sai aka amsa.

Daga hagu aka amsa, ta wajen kwazazzabo. Murya a dushe, tana karkarwa a ƙarshe.

Na riƙe sandar da hannu biyu.

Surukina ya sake busawa, yanzu ya fi kusa. Aka sake amsawa, doguwar busa wannan karon, irin ta wanda ke neman ceto. Na ji tsakuwa na gangarowa. Na ji takalmi na saɓawa daga hanya, yana bin sautin.

Sannan warin ya iso ni. Man zafi da gumi. Shi Auta ke shafawa a kafaɗunsa duk dare in ya sauke kaya. Shekara guda ban ji warin nan ba.

Na bar hanya ni ma. Ciyawa jiƙe take, tana santsi. Na lallaɓa da sanda har na hango duhun mutum a gabana. Surukina ne, ba hula, ba tocila, usur a bakinsa, hannayensa a miƙe kamar makaho. Yana busawa, ana amsawa, yana ƙara taku. Bakin kwazazzabon na gabansa kaɗan, bai gani ba.

Na cafke shi ta ɗamara.

Ya zabura ya juyo. "Mama?" "Akwai wanda aka bari a baya. Kin ji shi?"

"Baƙinka sun cika?"

"Sun cika."

"'Yan dakonka fa?"

"Duk suna ciki."

"To wa kake nema?"

Ya mai da fuskarsa wajen kwazazzabon. Haƙoransa na haɗuwa.

Hazon gabanmu ya ɗan yi sirara. Na gan shi.

Yana tsaye ya ba mu baya, da ƙaton kaya a goye, tukwane na rataye a gefe. Faɗin kafaɗun na Auta ne. Ƙafar hagu a lanƙwashe take ta inda ƙafa ba ta lanƙwasuwa.

Inda yake tsaye babu ƙasa. Hazo ne kawai a ƙarƙashinsa.

Ni dai na sani matacce ba ya dawowa. Ɗana na kwance inda aka sa shi. Wannan wani ne, mai wurin, wanda ya tsinci usur ɗin ya kuma ji abin da na faɗa. Na san haka sarai, amma ƙirjina bai sani ba. Saura kaɗan in kira shi.

Ya juyo a hankali. Tukwanen ba su yi ƙara ba.

Fuskar ba ta fita sosai. Baki kawai na gani, a fashe, usur a tsakanin haƙora. Ni da surukina numfashinmu na fita kamar hayaƙi don sanyi. Shi babu.

"Inna," in ji shi, a hankali.

Muryar Auta ce. Amma usur ɗin bai daina kuka ba lokacin da yake magana. Duka biyun suna fita tare.

"Inna, sake shi."

Surukina ya durƙushe. Gwiwoyinsa na bakin ramin, ƙasa na zubewa a ƙarƙashinsu. Ɗamararsa kaɗai ke hannuna, nauyinsa na jana gaba.

Na sunkuya kusa da kunnensa.

"Ran nan ka ji, ko ba ka ji ba?"

"Mama, don Allah..."

"Ka ji?"

Ya fashe da kuka kamar yaro.

"Na ji. Wallahi na ji. Na ce in mun kai sama zan dawo masa. Hadari ya taso, na ji tsoro. Na ji shi, Mama, har muka yi nisa ina jin sa."

Yatsuna suka fara buɗewa da kansu.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Shekara guda ina jiran kalmar nan.

"Ke kika kira," in ji abin. "Sake shi."

Yatsa ɗaya ya zame. Na biyu ya bi.

Sai na tuna da 'yata a bakin ƙofa, hannu ɗaya a ƙugu, tana cewa uban jikanki ne fa. Na riga na binne ɗa. Ba zan koma gida in mai da 'ya bazawara da hannuna ba.

Na sake damƙe ɗamarar.

"Ni na kira," na ce. "Amma rai ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Ɗauki abin da ya yi laifin."

Usur ɗin ya yi shiru.

Bakin ya buɗe, ya yi faɗi, ya wuce inda baki ke tsayawa.

Na ga yana jan iska. Ciyawa ta kwanta ta wajensa.

Na saki sandata, na fizgo rigar sanyin daga kafaɗa. Hannu ɗaya ne ya rage mini, riga kuma ɗaya ce.

Kaina na rufe da ita.

Abin ya busa.

Ko ta cikin rigar sai da na ji kamar an soka mini ƙusa. Dutsen ya girgiza. Ƙasar da ke gabanmu ta tsage. Na faɗa da baya da iya ƙarfina, na jawo surukina ya faɗo a kaina. Inda gwiwoyinsa suke ɗazu ya rufta gaba ɗaya, tare da sandata.

Ban ji faɗuwarsu a ƙasa ba.

Na yaye rigar. Babu kowa. Warin man zafin ma ya tafi.

Da rarrafe muka koma hanya, ina jan sa kamar buhu. Ina ta addu'a, bakina na harɗewa. Da muka ga fitilar masaukin na duba fuskarsa. Jini na gangarowa daga kunnuwansa biyu zuwa wuya. Na yi masa magana. Idonsa kawai ya zuba wa bakina.

Tun daga ranar bai ƙara jin komai ba. An kai shi asibiti, an duba, an ba shi magani, shiru. Jagoranci ya ƙare masa. Yanzu a ƙofar gida yake wuni yana ɗinkin jakunkuna da madaurin kaya na masu hawa. Ko mota ta yi ƙaho a bayansa ba ya motsi. Amma duk yammar da hazo ya sauko kan dutsen, sai ya ajiye allura, ya toshe kunnuwa da hannu biyu, yana kallon sama. Mu ba ma jin komai.

Da kansa ya gaya wa matarsa gaskiya, ya kuma gaya wa sauran jagorori. Na ji an ce yanzu ko baƙo zai yi kuka da hawaye, in na baya bai amsa ba, ba mai ɗaga ƙafa.

'Yata ta haihu lafiya, namiji, mai ƙarfin murya. Uban bai taɓa jin kukansa ba.

Washegarin haihuwar ya shigo ɗakina ya tsuguna. Ya roƙe ni gafara da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa, har maƙwabta suka leƙo. Sannan ya kafa wa bakina ido yana jiran amsa.

Na ba shi amsa. Amma sai da na juya masa baya kafin in faɗa.

Har yau yana jira. Auta ma ya jira.